Tsohon Gidan Ƙasa a Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyara, Zafi da Kuɗin Wuta

Sau biyu a shekara masu tsofaffin gidaje ke tuna da mu masu aikin gini: a Maris da Afrilu in zafi ya hana barci, sai kuma a Agusta in bango ya fara zuba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga Tudun Wada har Kawo, har cikin birnin Zariya. Shi ya sa na tara su wuri guda.

Wane gini ake kira na gargajiya a Kaduna, garin da Turawa suka kafa?

Kaduna yarinya ce a gaban Zariya. Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin saboda kogi da layin dogo, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Don haka tsofaffin gine-ginenta kashi uku ne. Akwai gidajen tubali da leburori, 'yan kasuwa da malamai suka gina da zaure, shigifa da tsakar gida, kamar yadda suka baro a garuruwansu. Akwai gidajen GRA da kwatas ɗin reluwe masu dogon silin da baranda. Sai na hukuma, irin su Lugard Hall da gidan Sardauna wanda ya koma Arewa House a 1970. Yawancin amsoshin nan a kan kashi na farko suke, amma abin da na faɗa kan kwano da tagogi ya shafi na biyu ma.

Da gaske ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi, ko dai son tsohon abu ne kawai?

Gaskiya ne, kuma dalilin kauri ne. Bangon tubali yakan kai rabin mita ko fiye a gindi, yana sirancewa in ya yi sama, alhali bulon siminti inci 6 ne ko 9, cikinsa kuma rami. Zafin da ya bugi bangon ƙasa da tsakar rana sai ya ɗauki wajen awa goma kafin ya ratsa zuwa ciki. Kafin nan rana ta faɗi, iska ta huce. A lokacin hunturu abin yakan juya: ɗumin da bango ya sha da rana shi ne bargon masu ɗakin da asuba.

Amma kada a yi wa ƙasa ƙarya. A ƙarshen Afrilu da Mayu, sa'ad da dare kansa ba ya hucewa, ɗakin ƙasa da aka kulle yakan yi gumi, don bangon na sakin zafinsa a ciki babu inda zai bi ya fita. Ba banza ba iyayenmu ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida a waɗannan watanni. Ka'idar ita ce a rufe ɗaki da rana, a buɗe komai da dare. Duba amsar da ke kan tagogi.

Me ya fi kashe ginin ƙasa?

Ruwa. Tsufa ba ya kayar da bangon da ya bushe. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba, kuma ta hanya uku yake shiga gini: ta sama in indararo ya toshe ko ya karye, ta gefe in iska ta kaɗo shi, da ta ƙasa in ya kwanta a gindin bango. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa a kusan kowane tsohon gida bangon gabas ne ya fi zaizayewa.

Na ƙasan shi ne mugu, don ba a ganin sa sai ya gama ɓarna. A unguwanni da yawa an yi ta cike titi ana ɗaga kwata har daɓen gida ya koma ƙasa da hanya. Ga famfo a jikin bango, ga inda ake wanke-wanke, ga buta ana alwala kullum a lungu ɗaya. Kafin a kashe kwabo kan fenti ko sola, a fara da wannan: a gyara gangaren ƙasa ya riƙa tura ruwa nesa da bango, a sa dutse a inda indararo ke zuba, a raba famfo da katanga.

Zan iya yi wa bangon filastar siminti in huta da yaɓen kowace shekara?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma amsata a'a ce, duk da na san ba ita ake son ji ba. Ƙasa na shan danshi tana sakin sa, tana kumbura tana motsewa da yanayi. Siminti kuwa ƙanƙararre ne, ba ya bin ta. Cikin 'yan shekaru sai ya yi tsaga sirara, ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango fes, daga ciki yana narkewa.

Na taɓa raka wani dattijon magini duba wani gida a Tudun Wada, wanda aka yi wa filasta da fenti mai ƙyalli shekaru kaɗan kafin nan. Mai gidan na ta yaba aikin. Baba bai ce komai ba, ya juya cokalin gininsa ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar, sai ya yi amo kamar ganga. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan bango ya daɗe da rabuwa da rigarsa." Da aka ɓamɓare wani yanki mai faɗin faifai, ƙasar da ke baya ta fito jiƙe sharkaf, ana dangwala yatsa yana nutsewa, ga hanyoyin gara sun yi sama har gindin azara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, sai dai a nan ko garar ba a tsere mata ba.

In an riga an yi filastar, kada a kwashe ta duka rana ɗaya, kuma kada a taɓa ta da damina. A bi da ƙwanƙwasa, a cire inda ya yi amo, a fara daga gindi, a bar bangon ya sha iska makonni, a cike ramukan da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin tasa. Haka fentin mai yake, shi ma toshe bango yake yi. Farar ƙasa ta fi dacewa, ga araha, ga mayar da hasken rana.

To da me za a yi yaɓen da zai jure damina?

Magina na da biyu tun kaka da kakanni. Makuba ana samun ta daga ɓawon ɗorawa: a jiƙa shi ya ba da ruwa ja mai duhu, a kwaɓa ƙasa da shi ko a shafe bango, sai fuskar ta yi tauri ruwa na zamewa. Laso ya fi ta ƙarfi da daɗewa, shi ake yi wa rufin soro da rawani, wato ɗan bangon da ke kewaye bakin soro. Haɗinsa katsi ne, wato laka ta gindin rijiyar marina da aka ƙona aka daka, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Matsalar yau ita ce katsi ya yi wuya, tun da marinar baba ta ja baya. Wasu magina na maye gurbinsa da ɗan ruwan kwalta a cikin kwaɓin. Yana aiki in an sa kaɗan. In ya yi yawa ya koma irin matsalar siminti.

Kowace ƙasa da halinta, ta wannan kududdufi daban da ta wancan. Kafin a shafe gida duka, a yi gwaji: faci uku ko huɗu a jikin bango, kowanne da adadin yashi da ciyawa daban, a bar su mako guda. Wanda bai tsage ba kuma ba ya zuba in an goga hannu, shi ne haɗinka.

Soronmu na yoyo. In kwashe shi in buga kwano?

Kada ka kwashe. Rufin ƙasa shi ne rabin sanyin ɗakin, don a nan Kaduna rana ta fi dukan rufi a kan bango. Fara da neman inda ruwan ke shiga. Sau da yawa bakin indararo ne, ko wani kwari da ya samu a tsakiyar rufin inda ruwa ke kwanciya. Akwai kuskuren da ake yi shekara da shekaru: kowace bazara a ƙara ƙasa a kan ta bara ba tare da an kankare tsohuwar ba, har nauyi ya fi ƙarfin azara ta lanƙwashe. A rage ƙasar, a gyara gangare zuwa indararo, a yi sabon laso.

In babu mai iya hawa kowace shekara, akwai hanya ta tsakiya: a bar soron yadda yake, a ɗora kwano mara nauyi a samansa, a bar tazara tsakaninsu iska na ratsawa, bakin kwanon ya zarce bango da kamar santimita 60. Ɗakin da aka yi wa haka ya fi kowanne sanyi, don kwanon ya zama laima. Asarar ita ce ta ido: zankwaye da rawani sukan ɓace, gida ya zama kamar kowane gida. Ni dai a ganina, a yi wa ɗakunan ciki haka, amma zaure mai zankwaye da zane a fuska a bar shi da lasonsa, ko da zai ci ɗan kuɗi duk shekara.

An riga an sa kwano tun zamanin mahaifinmu, ɗaki kamar tanderu. Me za mu yi?

Kwanon da rana ta buga a Afrilu yakan haura digiri 60, kuma duk wannan zafi ƙasa yake saukowa. Abu uku ke rage shi, ga su daga mai araha. A buɗe wa zafin hanyar fita, wato ƙananan kafofi masu raga a saman bango tsakanin silin da kwano, ɗaya a kowane gefe. A shafa wa kwanon farin fenti, a riƙa wanke ƙurar hunturu. Sannan a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, ko takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon, da tazara tsakani, don in ta manne da ƙarfen ba ta da amfani. Dokar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta sa tare zafin rufi cikin manyan sharuɗɗanta. Da sababbin gine-gine take magana, amma hikimar ɗaya ce. Zana ko asabari a ƙarƙashin kwano ma na taimakawa, sai dai a kula da ɓera da gobara.

Gargaɗi ga masu gidajen GRA da kwatas: tsofaffin allunan silin da wasu rufin toka-toka na asbestos ne. Ƙurarsu na lalata huhu, cutar kuma sai bayan shekaru da dama take bayyana. In lafiyarsu lau, a ƙyale su. Kada a yanka, kada a huda, kada a sa yara su share ɓaraguzansu.

Tagogin ƙanana ne, ɗaki duhu. Za a iya faɗaɗa su?

Za a iya, amma a san inda za a yi. Babbar taga mai gilashi a bangon yamma ƙofar zafi ce, daga azahar har la'asar sakaliya. Dokar 2017 da na ambata ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai in an yi musu inuwa, wanda kusan shi ne abin da maginan zamanin da suke yi ba tare da takarda ba. Bangon kudu da na arewa su suka fi dacewa. A tuna dai Kaduna na kusa da digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta ɓangaren arewa take bi da tsaka. Tagar arewa ma na son 'yar rumfa.

Sau da yawa ba girma ake buƙata ba, taga ta biyu ce: ƙarama can sama a bangon da ke fuskantar ta farko, don iska mai zafi ta fita, mai sanyi ta shigo. In za a fasa bango, a nisanci kusurwa da kamar mita ɗaya, a fara sa azara ko katako mai ƙarfi a sama ya zarce kowane gefe sosai, sannan a cire ƙasar da ke ƙarƙashi. Bangon da ke ɗauke da bakan gizo kuwa, wato bakan ginin da ke riƙe rufin soro, kada a taɓa shi sai gwani ya gani. Bangon yamma a ba shi rumfa ko inuwar dogon yaro, amma a dasa nesa, saboda saiwa.

Ta ina za mu rage kuɗin wuta ba tare da mun ɓata ginin ba?

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga yunit ɗin 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, kowa ya koyi lissafi. Ƙwan fitila biyar masu wat 60, awa shida kullum, yunit 54 ne a wata. Irin su na LED masu wat 9, yunit 8 da ɗan ɗoriya. Fankar sama ta da tana jan wat 70 ko kusa, sababbin masu tsimi ba sa kai rabin haka. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya kuwa ta kai fanka goma. Ɗakin ƙasa da aka gyara wa rufi da tagogi, fanka ta ishe shi a yawancin watanni.

Wajen sa waya, a bi ta cikin bututu a kan bango, kada a bari mai wayarin ya sassare tubali kamar yadda yake yi wa bulo. In dole sai an sa na'urar sanyi, a ja ruwan da take ɗigarwa da tiyo zuwa kwata. Na ga bangon da wannan ɗigon kaɗai ya rarake. Banɗaki na zamani kuma a gina shi daban da bulo, kada a mayar da shigifa bayi.

Za a iya ɗora sola a kan soro?

Gara a'a. Kowane ƙusa da aka kafa a rufin ƙasa ƙofar ruwa ce, faranti ɗaya ya haura kilo 20, iskar farkon damina kuma na iya ɗaga shi ta tafi da laso. A yi rumfar ƙarfe a tsakar gida ko jikin bangon yamma a ɗora farantan a kai, an samu wuta an samu inuwa. Su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa wanke su, a kuma goge su akai-akai da hunturu. Batir ba ya son zafi, don haka ɗakin ƙasa mai iska ya fi masa shagon kwano. Shawarata dai sola ta zo ƙarshe. Wanda ya fara da rufi, tagogi da ƙwan fitila, ƙaramar sola za ta ishe shi.

Wace tsaga ce ta haɗari, wace ce ta yaɓe kawai?

Tsaga sirara mai kama da saƙar gizo a fuskar bango, ta yaɓe ce. Wadda ke ba da tsoro ita ce ta ratsa bango ana hango haske, ko ta fi faɗi a sama, ko ta raba bango biyu a kusurwa. A liƙa mata ɗan faci, a rubuta kwanan wata a gefe da gawayi. In facin ya tsage cikin makonni, ginin na motsi. Azara kuwa daga giginya take, gara ba ta cika cin ta ba, amma bakinta da ke cikin bango yakan ruɓe in ya daɗe a jiƙe. A soka ƙusa a gani, in ya shige ba gardama a tokare rufin nan take. Bangon da ya karkata, ko rufin da ya yi ciki yana zubo da ƙasa a Agusta, a fitar da iyali tukuna, a yi shawara daga baya.

Sai na nemi izini kafin in gyara?

Yaɓe, laso da gyaran indararo ba sa buƙatar takarda. Rushewa, ƙarin bene ko fasa shaguna a fuskar gida kuwa aikin KASUPDA ne, wato hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, a je a nemi izini kafin a fara. Gine-ginen da aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, kamar ganuwar Zariya, suna ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ba a taɓa su sai da yardarta.

Ina za a samu magini da ya san wannan aiki, kuma ina za a ga misali?

Birkila daban, magini daban. Gwanayen da suka rage sun fi yawa a Zariya, inda sarautar Sarkin Magina take har yau, kuma akwai unguwa guda mai sunan Babban Gwani. Shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa a tazarar da ta wuce mita biyu, amma shi ya jera su gaɓa-gaɓa cikin laka ya yi bakuna masu tsallake fili mai faɗi. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabo na kankare. An kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A nan cikin gari, gidan tarihi na kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975, na da gine-ginen ƙasa a harabarsa.

In ka samu magini, ka nemi ya kai ka aikin da ya yi damina uku da suka wuce, ba na bana ba. In kalmarsa ta farko siminti ce, ka yi masa godiya ka nemi wani. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ma wuri ne na neman shawara.

Gidan gado ne, wasu magada na son a rushe. Akwai mafita?

Su ma suna da hujja: fili a tsakiyar gari ya yi tsada, iyali sun ƙaru, ba kowa ke da halin laso duk shekara ba. Abin da na ga yana sasanta 'yan'uwa shi ne a bar zaure da ɗakin mai gida, a sake gina na baya. Ko a nan ba dole sai bulon siminti ba. Akwai bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 a haɗin, a kan harsashin dutse ko kankare mai tsayi. Yana riƙe sanyi fiye da bulo mai rami, kuma ba ya son filasta. In rushewar ta zama dole, a ɗauki hoton kowane lungu, a auna, a cire azara da tsofaffin ƙyamare a hankali, don yanzu azara mai kyau nema ake yi.

Wane wata ya kamata a fara aiki?

Tubali da babban gyara daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai a rufe sabon yaɓe da buhu ko zana, don iskar hunturu na busar da shi da gaggawa ya tsattsage. Laso da makuba a gama su kafin ƙarshen Maris, ruwan farko na iya sauka a Afrilu. Damina ba ta gyara ba ce, ta kallo ce. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta, ka ɗauki laima ka zaga gidan tun ana yi: wane indararo ke zuba a jikin bango, ina ruwa ya kwanta, wane lungu ne ya daɗe bai bushe ba. Ka yi wa kowanne alama da gawayi can sama inda ruwa ba zai wanke ba, don a nan magini zai fara in kaka ta yi.